Takardar Hayar Gida: A Karanta Maka Kafin Ka Dangwala Yatsa

(Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata na 'yan'uwa mazauna Agege da kewaye, Jihar Legas)



 

Shugabanni sun umurce ni in yi bayani yau a kan takardar yarjejeniyar hayar gida, wadda a nan Ikko muke kira agirimen. Dalili kuwa shi ne, da wuya wata ya wuce ba a kawo wa ofishinmu rigimar haya ba. In ka tambayi mai ƙara, "Ina takardarka?" sai ya ce babu, ko ya ce tana hannun ejan, ko kuma ya fito da ita amma bai san ko kalma ɗaya da ke ciki ba.

Ni ba lauya ba ne, kuma kun san ban yi boko ina yaro ba. Sai da na girma na yi iyali sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Abin da ya kai ni ajin kuwa takardar haya ce. Bayan na yi aure na kama ciki da falo, na biya kuɗin shekara. Ejan ya kawo takarda shafi uku da Turanci, ya nuna mani inda zan dangwala, na dangwala. Shekara ta uku mai gida ya sami wanda zai biya fiye da ni, sai ga notis na wata ɗaya. Ga damina, ga maiɗakina da tsohon ciki. Na garzaya wurin wani masanin doka, ya ce in kwantar da hankalina, mai hayar shekara wata shida ake ba shi. Da ya karanta takardata sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai kai da kanka ka yarda da wata ɗaya. Ga yatsanka nan." A ɗakin wani ɗan'uwa aka yi haihuwar. To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka abu ɗaya nake so kowa ya tafi da shi gida yau: doka tana kare ɗan haya, amma a wurare da yawa abin da ka sa wa hannu shi kotu za ta fara dubawa. Takarda tana iya ƙara maka haƙƙi, tana kuma iya rage maka wanda doka ta ba ka.

WACE DOKA CE?

Wasunmu suna cewa baƙo raɓa ne, don haka duk abin da mai gida ya yi sai haƙuri. Haƙuri yana da kyau, amma mu sani Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda yake so a ƙasar nan, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Dokar haya ba ta tambayar garinku. Yadda ta kare Bayarabe haka ta kare Bahaushe.

Dokar da zan yi bayani a kanta ita ce Dokar Haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a shekarar 2011. Ta keɓe unguwanni huɗu da ba ta shafa ba: Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. 'Yan'uwanmu da suka koma Sango-Ota, Ibafo ko Mowe kuma su tuna can Jihar Ogun ce, dokarsu daban. Sannan a shekarar 2025 Majalisar Dokokin Jihar Legas ta fara muhawara kan ƙudurin sabuwar dokar haya. Don haka alƙaluman da zan kawo na dokar 2011 ne, kuma ranar da za ka sa hannu ka sa lauya ya tabbatar maka da su.

Dokar ta amince da haya ko da ta baki ce. Wanda ba shi da takarda shi ma ɗan haya ne. Matsalar ita ce ranar da aka je gaban alƙali, maganar baki kowa da tasa. Kada kuma wani ya ce neman takarda rashin yarda ne. Malamanmu sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

ABUBUWA UKU DA TAKARDA BA TA ISA TA SAUYA BA

Na ɗaya, kuɗin gaba. Sashe na 4 ya hana mai gida ko ejansa karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda yake cikin gida kuma, in mai biyan wata-wata ne ba a karɓar fiye da na wata 6, in mai biyan shekara ne ba a wuce shekara ɗaya. Hukuncin shi ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Ku lura da kyau, wanda ya bayar ma doka ta ɗauke shi mai laifi. Na san ana matsa wa mutane su biya shekara biyu, sannan a rubuta shekara ɗaya a takarda. Wanda ya yarda da haka ya yi hasara biyu: ya saɓa doka, kuma ba shi da shaidar kuɗinsa.

Na biyu, rasit. Sashe na 5 ya wajabta wa mai gida ba da rasit duk lokacin da ya karɓi kuɗin haya, kuma ƙin bayarwa laifi ne mai tara. Rasit na gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, sunan mai gida da na ɗan haya da adireshinsu, bayanin gidan, adadin kuɗin, da lokacin da kuɗin ya ɗauka.

Na uku, kora da ƙarfi. Ko da an rubuta a takarda cewa mai gida zai iya watso maka kaya in ka yi jinkirin biya, wannan rubutu bai halatta masa ba. Kotu ce kaɗai ke ba da umurnin fitar da ɗan haya. Sashe na 44 ya ce wanda ya kware rufi, ko ya yi barazana, ko ya fitar da mutum da ƙarfi don ya karɓe gida ba tare da umurnin kotu ba, zai iya fuskantar tarar da ta kai Naira 250,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6.

ABIN DA YA KAMATA A GANI A CIKIN TAKARDA

Yanzu bari mu bi takardar daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda muke yi wa duk wanda ya kawo tasa ofis.

1. Sunaye. A rubuta cikakken sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka, ba laƙabin kasuwa ba, ba kuma "Aboki" ko "Mallam" kawai ba. A rubuta cikakken sunan mai gida da adireshinsa. Gidaje da yawa a unguwannin nan gidajen gado ne. In mai gidan ya rasu, ka tambayi wanda iyali suka wakilta, kuma ka ga takardar wakilcin. Mun ga wanda ya biya babban ɗa, bayan wata biyu ƙanensa ya zo da nasa ɗan hayar. Haka nan in ejan ne ko mai kula da gida zai sa hannu, ya nuna takardar da mai gida ya ba shi izini.

2. Abin da ka kama. Lambar gida, sunan layi, ɗaki nawa, kuma wanne: na gaba ko na baya, sama ko ƙasa. A gidan da ake tarayya, a ambaci banɗaki, kicin, rijiya ko famfo, da wurin shanya. Dokar ta hana mai gida toshe wa ɗan haya abin da ake amfani da shi tare, amma sai an san yana cikin abin da ka kama.

3. Irin hayar da ranakunta. A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Akwai bambanci tsakanin hayar shekara-shekara mai sabunta kanta, da hayar da aka yanke mata wa'adi, wato aka rubuta daga rana kaza zuwa rana kaza tak. Ita ta biyun, da zarar ranar ta cika ta ƙare, ba a bin mai gida bashin dogon notis. Takardar kwana 7 kawai zai ba ka cewa zai tafi kotu. In irin wannan aka kawo maka, ka nemi a ƙara layin da ya ce kana da damar sabuntawa, kuma duk wanda ba ya so a sabunta ya sanar da ɗan'uwansa a rubuce wata kaza kafin wa'adi. Hayar da ta wuce shekara 3 kuwa tana da nata ƙa'idoji na rajista, kada a yi ta ba lauya.

4. Kuɗin haya. A rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, da ranar biya, da asusun bankin da za a tura. Sunan asusun ya dace da sunan da ke takarda. In ka yi tiransifa ka ajiye shaidarta, kuma duk da haka ka karɓi rasit. A rubuta cewa ba za a yi ƙari a tsakiyar wa'adi ba, kuma za a sanar da ƙari a rubuce tun da wuri. Sashe na 37 ya ba ɗan haya damar kai ƙara in ƙarin ya wuce hankali, kuma ba a fitar da shi har kotu ta yanke hukunci.

5. Sauran kuɗaɗe. Kuɗin ajiya na ɓarna da ake kira koshan, kuɗin gadi, shara, ruwa, kowanne a rubuta adadinsa daban. Sashe na 10 ya ce a ba da rasit na daban a kan irin waɗannan kuɗaɗe, kuma ɗan haya yana da haƙƙin ganin lissafinsu a rubuce aƙalla duk wata 6. A rubuta ranar da za a mayar maka da kuɗin ajiya in ka tashi, da abin da za a iya cirewa. Game da kuɗin agirimen da kamasho, sashe na 11 ya ce wanda ya ɗauko lauya ko ejan shi ke biyansa. A zahiri mun san ɗan haya ake ɗora wa, to aƙalla ka nemi rasit, ka kuma ga sunan lauyan da hatiminsa a jikin takardar. Doka ba ta yarda wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi don rubuta takardar da ta shafi gida ko fili ba.

6. Wuta. Kafin ka shiga, a duba mita a rubuta lambarta da bashin da ke kanta, kuma a rubuta cewa tsohon bashi ba naka ba ne. In mita ɗaya ce ga gida duka, a rubuta yadda ake raba kuɗin.

7. Gyara. Bisa doka gyaran jikin gini ta waje da wuraren tarayya na mai gida ne. Ɗan haya kuma ya kula da cikin ɗakinsa, ban da tsufan da yau da gobe ke kawowa. In za ka yi wani aiki da kuɗinka, kamar siminti, ƙofar ƙarfe ko kewaye don iyali, ka sami izinin mai gida a rubuce, a kuma rubuta ko za a cire daga kuɗin haya. Dokar ta ba da damar neman diyya in an sallame ka, amma ga wanda ya sami izini a rubuce kaɗai. Ranar shiga ka ɗauki hoton bango, rufi, ƙofa da taga da wayarka.

8. Mutanen gida da baƙi. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Mu mutane ne masu karɓar baƙi, yau ƙane ya zo ci-rani, gobe gyatuma ta zo asibiti. Takardu da yawa suna ƙayyade adadin masu kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗi gaskiyar yawan iyalinka, a rubuta, a kuma rubuta cewa baƙo na iya sauka na ɗan lokaci. Amma ka sani doka ta hana ka ba wani hayar ɗakin, ko wani ɓangarensa, ba da rubutaccen izinin mai gida ba. Wanda zai tafi gida noma ya bar wa wani ɗaki yana karɓar kuɗi, ya ba mai gida hujja a kansa.

9. Sana'a da dabbobi. Yawancin takardu suna cewa gidan na zama ne kawai. In uwargida tana tuyar ƙosai ko awara a ƙofar gida, ko kana da teburin shayi, ko za ka ɗaure rago kafin Babbar Salla, a yi maganar tun farko a rubuta. Layi ɗaya ya isa.

10. Shigar mai gida. Doka ta ba shi damar duba gidansa, amma da rana, a lokacin da ya dace, bayan ya sanar a rubuce. Ta kuma ba ɗan haya haƙƙin sirrinsa. Ka nemi a rubuta cewa za a sanar da kai kwana biyu ko uku kafin zuwa, kuma kana nan ko wakilinka. Wannan yana kare mutuncin iyalinmu, yana kuma kare mai gida daga zargi.

11. Notis. Ga inda ni na faɗi. Sashe na 13 ya ce, in ba a rubuta komai ba, mai hayar wata ana ba shi wata 1, mai biyan wata uku-uku ko wata shida-shida ana ba shi wata 3, mai hayar shekara kuma wata 6. Amma in kun rubuta wani abu daban, naku za a bi. Don haka ka sa a nemo maka wannan layi kafin komai. In kai mai shekara ne ka ga wata ɗaya, ka nemi a gyara. Bayan notis ya cika akwai takardar kwana 7, sannan kotu. Sai dai mai hayar wata da ya tara bashin wata 6 ya zubar da wannan kariya da hannunsa.

GA WANDA BA YA KARANTA TURANCI

'Yan'uwa, babu kunya a nan, ni ma daga can na fito. Da yawanmu suna karanta ajami ko Hausar boko, amma takardar da Turanci take zuwa, kuma Turanci ne harshen kotu. Akwai tsohuwar doka ta kare waɗanda ba su iya karatu ba. Ta ce wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda dole ya sa sunansa da adireshinsa, kuma a karanta masa a fassara masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Saboda haka a ƙasan takarda, kafin wurin yatsanka, a rubuta cewa wane ya karanta maka ita ya fassara da Hausa, ka fahimta, sannan mai fassarar ya sa hannu.

Kada mai fassarar ya zama ejan ko yaron mai gida. Ka zo da naka. In aka ce sai ka sa hannu yanzu-yanzu, ka ce a ba ka kofi ka kwana da ita. Mai gidan kirki ba ya jin tsoron a karanta takardarsa.

Ranar sa hannu a kiyaye waɗannan. Kada a bar gurbi ko ɗaya ba a cike ba. Ku biyu ku sa hannu a kowane shafi. Kowane ɓangare ya kawo shaidarsa, ya rubuta suna da adireshi. A yi kofi biyu na asali, ɗaya taka. Ka yi fotokofi ka ajiye a wani wuri daban saboda ambaliya da gobara, ka ɗauki hotonta a waya. Ka kuma nuna wa maiɗakinka inda take. Sau da yawa maigida yana Arewa ake kawo notis, mace ba ta san inda takarda take ba.

IN RIGIMA TA TASO

Kada ka yi faɗa, kada ka tara matasa, kada kuma ka daina biyan haya don fushi. In an kawo notis ka karɓa ka rubuta ranar da ya zo, ƙin karɓa ba ya tsayar da shi. In sammacin kotu ne ka je, domin rashin zuwa shi ke sa a yi hukunci a bayan idonka. Ka fara da ofishinmu mu nemi sulhu. In ya gagara, akwai cibiyar sasanta jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda aka fi sani da CMC. An kafa ta a 1999, tana da rassa a unguwanni da dama, kuma aikinta kyauta ne. Akwai kuma ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi, wato OPD. Ƙorafi kan ejan kuma ana kai shi hukumar LASRERA mai sa ido kan dillalan gidaje.

GA MASU GIDAJE A CIKINMU

Alhamdu lillahi, a ɗakin nan akwai waɗanda Allah ya hore wa gidaje. Duk abin da na faɗa ya hau kanku, ko ɗan hayar Bahaushe ne ko wani ƙabila. Kada ka ce ɗan garinmu ne ba sai an rubuta ba. Irin wannan haya ita ta fi ɓata zumunci, kuma ranar da ka kwanta dama 'ya'yanka ba za su san me kuka yi ba. Ka rubuta, ka ba da rasit, ka bi matakan notis. Takardar da ta kare shi ita za ta karɓo maka kuɗinka a kotu.

A ƙarshe ina da roƙo biyu. Na farko, kowa in ya koma gida yau ya ciro takardarsa, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya nemo masa layin notis da ranar ƙarewar haya. Wanda bai gane ba ya kawo ofis mu duba tare, ba ma karɓar ko kwabo. Na biyu, ajinmu na yaƙi da jahilci yana nan, maza da mata. Ni da furfura ta fara fito mani na koyi rubuta sunana, kuma tun daga ranar ban sake dangwala yatsa a kan abin da ban sani ba.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure lauyoyinmu su gyara. Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, ya rufa mana asiri.